Daga Kayseri zuwa Ihlara: tafiya a ƙasar Kafadokiya

Jirgi daga Istanbul zuwa Kayseri ba ya kai awa ɗaya da rabi, kuma ta nan na shiga Kafadokiya, a tsakiyar ƙasar Turkiyya. Akwai wani filin jirgin a Nevshehir da ya fi kusa da garuruwan da baƙi ke kwana, akwai kuma bas ɗin dare mai cin awa 10 zuwa 11. Amma wanda tarihi ne ya kawo shi, shawarata ya sauka a Kayseri ya ba birnin yini guda. Yawancin masu yawon buɗe ido daga bakin filin jirgi ake kwashe su, a yi tafiyar kilomita kusan 75 zuwa Goreme, ko waiwayen birnin ba su yi ba, alhali nan ne tushen labarin da suka zo ji.

Akwai maganar da za ka ji a bakin 'yan rakiyar baƙi da dama: wai Kiristocin farko ne suka haƙa ɗakunan da ke jikin duwatsun Kafadokiya don ɓuya daga Rumawa, wai kuma Basil, babban malaminsu, shi ya kafa wuraren ibadar Goreme. Maganar tana da daɗin ji, sai dai shekaru ba su yarda da ita ba. Basil ya rasu a 379. Galibin coci-cocin da aka ƙawata da zane a Goreme kuwa na ƙarni na 10 da na 11 ne. Tsakani akwai shekara wajen 600. Kafadokiyar da ta yi suna a farkon tarihin Kiristanci tana cikin littattafai da wasiƙu, kuma kaɗan ne daga gine-ginenta suka rage. Wadda ido ke gani a jikin dutse ta zo ne daga baya, a wani zamani mai tsoro na daban. Duk wanda ya raba biyun nan a ransa kafin ya sayi tikitin shiga zai fahimci abin da yake kallo.

Daga kusan kowane titi a Kayseri ana hango Erjiyes, dutse mai aman wuta da ya daɗe da yin shiru, mai tsayin mita 3,917, kansa fari fat da dusar ƙanƙara har cikin bazara. Aman duwatsun wannan yanki, tun miliyoyin shekaru, shi ya shimfiɗa toka mai kauri a ƙasar, tokar ta daskare ta zama dutse mai laushi. A wasu wurare wani dutse mai tauri ya rufe ta. Ruwan sama da iska da ƙanƙara suka yi ta cin mai laushin, inda kuwa guntun mai taurin ya tsaya a sama sai ya kare abin da ke ƙarƙashinsa. Haka aka sami dogayen tsaunukan nan masu tsini da ke cikin kowane hoton Kafadokiya, tamkar rumbunan da aka jera aka ɗora wa kowanne jinka. Na sa farce a jikin wani a kwarin Pashabag, sai ga gari yana zuba. Wannan laushin shi ne sirrin komai a nan: da ƙaramin gatari mutum zai buɗe ɗaki, fuskar dutsen kuma idan ta sha iska sai ta ƙara ƙarfi. Ƙasa ce mai ƙarancin itace, mai tsayin sama da mita 1,000, hunturunta na tsanani, bazararta na ƙuna. Ɗakin dutse ba ya bin ko ɗaya daga cikinsu.

Kilomita 20 daga Kayseri akwai kufan Kultepe, tsohon birnin Kanesh. Kusan shekara 4,000 da suka wuce, fataken birnin Ashur na ƙasar Iraƙi ta yau suka kafa zango a nan. Ayarin jakuna ne ke kawo kuza da yadi, tafiyar kusan mako 6, su koma da azurfa da zinariya. An tono alluna na yumɓu sama da 20,000 a gidajensu: takardun bashi, yarjejeniyar jari, shari'ar gado, da wasiƙun matan da ke saƙa a Ashur suna ƙorafin an rage musu kuɗin yadi. A wurin kansa tubalin tushen gida kawai za ka gani, allunan suna gidajen tarihi na Ankara da Kayseri. Daga baya Farisawa suka mallaki ƙasar, sunanta ma yana cikin rubutun Sarki Dariyus. Istirabo, masanin ƙasa na zamanin Rumawa, ya ce harajin da take kai wa Farisa a shekara, ban da azurfa, doki 1,500 ne da alfadari 2,000 da tumaki 50,000. A shekara ta 17 miladiyya Sarki Tibariyas ya mayar da ita lardin Rum. Ƙasar manyan gandaye ce da kiwon dawaki, birane 'yan kaɗan, talakawa a ƙauye suna noma wa masu ƙasa. Girkawan bakin teku na yi wa mutanenta kallon ƙauyawa.

Sunanta ya zo sau biyu a Sabon Alkawari. Littafin Ayyukan Manzanni ya lissafa mutanen Kafadokiya cikin baƙin da ke Urushalima ranar Fentikos, wasiƙar Bitrus ta fari kuma an aike ta ne ga masu bi da ke Fantas da Galatiya da Kafadokiya da Asiya da Bitiniya. Zuwa ƙarni na 3, Kayseri, wadda a lokacin ake kira Kaisariya, tana da bishof da ake jin maganarsa har Afirka ta Arewa, wato Firmiliyan. A nan wani Girigori, wanda ya kai Kiristanci ƙasar Armeniya, ya tashi, a nan kuma aka naɗa shi. Kai, har Ulfila, wanda ya juya Littafi Mai Tsarki zuwa harshen Gotawa a ƙarni na 4, jikan mutanen Kafadokiya ne da aka kama a hari aka tsallaka da su arewa.

Amma mutum uku ne suka sa sunan ƙasar ya zauna daram: Basil na Kaisariya, ƙanensa Girigori na Nisa, da abokinsa Girigori na Naziyanzus. Ya kamata a ƙara ta huɗu, yayar Basil, Makirina, wadda ita ta fara mayar da gidan gonarsu wurin ibada, ta daidaita kanta da barorin gidan a ci da kwana, ta kuma karkato da Basil daga neman suna. Gidan gonar nan yana Anisa ne, can arewa a ƙasar Fantas, bakin kogin da yau ake kira Yeshilirmak, nesa da Goreme ƙwarai.

Basil ɗan masu hali ne, ya yi karatu a Atina. Ya zaga Masar da Falasɗinu da Sham ya ga ruhubanawan da suka ƙaurace wa jama'a, ya yaba ƙoƙarinsu, amma bai gamsu da kaɗaicin ba. Tambayarsa ga mai son zama shi kaɗai ita ce: ƙafar wa za ka wanke? Tsarin da ya rubuta ya ce a zauna tare ƙarƙashin shugaba ɗaya, a raba yini tsakanin addu'a da aikin hannu, kada a tsananta azumi har jiki ya kasa aiki, a koyar da yara, a kula da baƙo da maras lafiya. Har yau ruhubanawan cocin Gabas a kan wannan tafarki suke. Da yunwa ta afka wa ƙasar a 368 da 369, masu hatsi suka rufe rumbuna suna jiran farashi ya hau. Basil ya sayar da abin da ya gada, ya kafa tukwane yana ciyar da jama'a, ya kuma hau mumbari yana faɗa wa masu ɓoyon abinci cewa gurasar da suka adana ta mayunwaci ce. Bayan ya zama bishof a 370 ya gina wata babbar unguwa a bayan gari: masaukin matafiya, gidan gajiyayyu, ɗakunan jinya da masu magani, wurin kutare, da wuraren koyon sana'a. Abokinsa Girigori ya kira ta sabon birni. Masu tarihin likitanci na lissafa ta cikin asibitoci na farko a duniya. A ganina wannan ne aikinsa mafi girma, kuma shi ne wanda baƙo ba zai ga ko tubalinsa ba.

Ɗaya aikin nasu na aƙida ne. Bayan taron Nikiya na 325 rigima ba ta kwanta ba a kan matsayin Almasihu da Ruhu Mai Tsarki, Sarki Balens kuma yana goyon bayan ɓangaren da su Basil ke adawa da shi. Malaman nan uku su suka daidaita lafazin da yawancin Kiristoci ke riƙe da shi har yanzu, na zati ɗaya a cikin uku, wato Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, aka kuma tabbatar da shi a taron Kustantiniya (Istanbul ta yau) na 381, wanda Girigori na Naziyanzus ya shugabanta na ɗan lokaci kafin ya ajiye ya koma gida. Siyasa ta shiga ciki sosai. Da sarki ya raba lardin biyu ya ba birnin Tiyana rabi, Basil ya shiga naɗa nasa bishof-bishof a ƙananan garuruwa don kada a rinjaye shi. Ya tura ƙanensa Nisa, ya tura abokinsa Sasima, wani zangon ƙura a mararrabar hanya. Abokin bai taɓa zama a can ba, kuma zumuncinsu bai koma yadda yake ba.

Abin da ke tsaye a Kayseri yau galibi na Saljuƙawa ne, Turkawa Musulmin da suka mulki ƙasar daga baya: ganuwar baƙin dutse a tsakiyar gari, masallaci da makarantar Hunat Hatun na 1238, da asibitin Gevher Nesibe na 1206, wanda yanzu gidan tarihi ne. Duk ana zaga su da ƙafa. Kafin ka bar garin ka ci manti, 'yan ƙananan ƙulle-ƙullen fulawa da nama da ake zuba wa kindirmo da tafarnuwa.

Gidan tarihin Goreme fili ne a buɗe, kilomita ɗaya da rabi daga tsakiyar gari, hawa ne amma ƙafa na yi. Yana cikin jerin wuraren tarihi na UNESCO tun 1985. Ka iso da buɗe ƙofa, domin da hantsi manyan motoci ke sauke jama'a, coci-cocin kuma ƙanana ne, mutum 15 sun cika wasu, masu gadi na hanzarta kowane rukuni. An hana ɗaukar hoto a cikin masu zane.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda aka yi su. Magini yana ƙarawa ne, mai sassaƙa kuwa ragewa yake yi. Yakan fara huda rami zuwa tsakiyar inda ɗakin zai kasance, ya buɗe rufi da ƙubba tukuna yana tsaye a kan dutsen da bai cire ba, sannan ya yi ta sauka har daɓe. Ba ya buƙatar tsani ko katako. Amma abin da ya sare ya saru, ba gyara, shi ya sa za ka ga bango a karkace, ko ƙubba da ta kauce daga tsakiya. Ginshiƙan ba sa ɗauke da komai, kwaikwayon cocin gini ne kawai; a wasu wuraren ginshiƙi ya karye ya bar kansa a rataye, rufin kuwa ko gezau. A cocin Barbara an ɗauki jar ƙasa an zana layin tubali a jikin dutsen don ya yi kama da gini. Wannan shi ne ado mai araha: ja kai tsaye a kan dutse, gicciye da zane-zanen layi. Mai tsadar kuwa sai an yi shafe da farar ƙasa tukuna, a kira gwanin zane, wanda ya biya kuɗin kuma a sa hotonsa ƙarami a gefe.

Biyu ne ba a bari. Karanlik, wato Coci Mai Duhu, na ƙarni na 11, tikitinsa daban ne kuma ya cancanci kuɗin. Taga ɗaya ce ƙarama ke shigo da haske, don haka launin bai kwaɗe ba. An daɗe ana kiwon tattabaru a ciki, sai da aka yi shekaru ana kankare kashinsu, a ƙarƙashi aka iske zanen kamar jiya aka gama. Na biyun, Tokali, yana wajen shinge, a gefen titi idan ka gangara kaɗan, da tikitinka na farko za ka shiga, mutane da yawa na wuce shi ba su sani ba. Coci biyu ne a haɗe. Tsohon, na farkon ƙarni na 10, rufinsa jere ne na labarin rayuwar Almasihu layi bisa layi, ana bin sa kamar karatu. Sabon, na tsakiyar ƙarnin, an shafe shi da shuɗin da ake niƙawa daga dutsen lazuli na ƙasar Afganistan. Wanda ya iya sayen wannan shuɗi har ya cika bango da shi ba fakirin da ya gudu kogo ba ne. Manyan gidajen sarautar soja ne na Rumawan Gabas, masu mulki daga Kustantiniya, irin gidan Fokas, waɗanda ɗansu Nikiforos ya yi sarauta daga 963 zuwa 969. Hotonsa na nan a wani coci a ƙauyen Cavushin, kilomita kaɗan daga Goreme. Masu bincike sun nuna ma cewa wurare da dama da a da ake kira gidajen ruhubanawa gidajen attajirai ne, da zaure da barga da ɗan cocin iyali. Alamar da ake dubawa ita ce ɗakin cin abinci: inda ka ga dogon tebur na dutse da benci a sassaƙe gefe da gefe, mai ɗaukar mutum 40 ko fiye, to jama'ar ibada ce ta zauna a nan. A Goreme irinsu na da yawa.

Fuskoki da dama an ƙwaƙule musu ido, jikin zanen kuma cike yake da sunayen da mutane suka karta, wasu da haruffan Girkanci, wasu da na Turkanci, wasu na baƙin jiya. Abin baƙin ciki ne. Amma babban mai ɓarna ruwa ne. Yana bin tsaga ya shiga, ya daskare da hunturu ya buɗa ta, shekara bisa shekara, har fuskar tsauni ta zube. A Zelve haka ta sa aka kwashe mutanen ƙauyen a 1952. A Cavushin gaban cocin Yahaya Mai Baftisma ya rufta, shi kuwa yana cikin mafi tsufa a yankin, na wajen ƙarni na 5 ko na 6. Idan ka ga an ɗaure igiya an hana shiga wani kogo, kada ka tsallaka.

Garuruwan ƙarƙashin ƙasa suna kudu da Nevshehir: Kaymakli a kilomita 20, Derinkuyu a 30, ƙananan motocin haya na zuwa duka biyun. An gano girman Derinkuyu a 1963, lokacin da wani magidanci ya fasa bangon gidansa ya ga hanya. Ana ƙiyasta zurfinsa ya kai mita 85, hawa 8 ake bari a shiga. Tsarin na da hikima. Barga ce a hawa na farko, saboda dabba ba ta sauka matsattsen rami, warinta kuma ya fi saurin fita. Ƙasa da ita ɗakunan ajiya, wurin matse inabi, da madafai 'yan kaɗan masu baƙin rufi. Ba a yawaita wuta, don hayaƙi na cin iska kuma yana tona asiri. Can ƙasa akwai coci mai siffar gicciye. Wani rami mai zurfin mita 55 ne ke shigo da iska, shi ne kuma rijiya. Hanyoyin an matse su da gangan, dole mutum ya sunkuya, a bi ɗaya bayan ɗaya. A bakin wasu akwai ƙofar dutse mai kewaye, tsayinta mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, nauyinta kilo 200 zuwa 500. Tana zaune a wani lungu da aka yanka mata a bango, daga ciki kaɗai ake mirgino ta, a tsakiyarta akwai huda ta leƙe. Na dafa ɗaya da hannu biyu, ko motsi.

Ba wurin zama na dindindin ba ne, mafaka ce ta kwanaki ko makonni. Lokacin da aka fi faɗaɗa su shi ne daga ƙarni na 7 zuwa na 10, sa'ad da Kafadokiya ta zama bakin iyaka tsakanin Rumawan Gabas da daulolin Umayyawa da Abbasiyawa. Kusan kowace bazara runduna na ƙetaro duwatsun Toros. Maslama ɗan Abdulmalik ya ci Kaisariya a 726. Mahayin da ya zo neman ganima ba ya da lokacin zaman jira, don haka ƙauyen da ya nutse da hatsinsa da dabbobinsa na ɗan lokaci ya tsira.

Ga mai shiga: jan kibau na kai ka ƙasa, shuɗi na fitar da kai. Sanyin ciki bai wuce digiri 13 ba ko da bazara, ka riƙe riga mai kauri, ka bar babbar jaka a waje don tana maƙalewa. Mai ciwon zuciya ko asma, ko wanda matsatsi ke firgita shi, ya tsaya a hawan sama. Kaymakli, mai hawa 4 a buɗe, ya fi sauƙi. Derinkuyu na da dogon matakali ɗaya da masu sauka da masu hawa ke jiran juna a kai.

Balan-balan ɗin nan masu ɗaukar mutane da asuba suke tashi, na kimanin awa guda, hukuma kuma na soke tashi idan iska ta yi ƙarfi, don haka a nemi safiyar farko, a bar sauran don ko-ta-kwana. Afrilu zuwa Yuni, da Satumba zuwa Oktoba, su ne lokutan da suka fi daɗi. Masallaci kuwa babu ƙauyen da ba shi.

A hanya ka riƙa ɗaga kai. Ƙananan hudojin da ke jere a saman tsaunuka, da farin shafe da jan zane kewaye da su, gidajen tattabaru ne. Ba don nama ake kiwonsu ba, don taki ne: ƙasar toka ba ta da ƙarfi, a da manomi kan buɗe gidan sau ɗaya a shekara ya kwashe kashin ya kai gonar inabi. Santsin shafen na hana dabbobin dawa hawa. A Avanos ana gina tukwane da jan yumɓun kogin Kizilirmak a kan faifan da ake juyawa da ƙafa, a cikinsu ake dafa naman da ake liƙe bakinsa da ƙullu, a fasa wuyan tukunyar a gabanka. Na gaskiyar yana cin awa 3 ko fiye a wuta, shi ya sa gidan abincin kirki ke cewa a yi oda tun da wuri. A Ortahisar kuma har yau a cikin kogo ake ajiye lemon tsamin da ake kawowa daga bakin tekun Bahar Rum.

Kwarin Ihlara, ta wajen Aksaray, tsawonsa kilomita 14 ne, zurfinsa ya kai mita 100, kogin Melendiz na bi ta ciki. Matakala kusan 400 ke saukar da kai tsakiyarsa, daga nan tafiyar kilomita 4 ce a inuwar itatuwa zuwa ƙauyen Belisirma. 'Yan rakiya kan nuna coci ɗaya ko biyu a gindin matakalar su wuce. Ka nemi Kirkdamalti, cocin Jarumi Jojiyos, wanda sai an hau gangare kafin a kai. Bayan yaƙin Manzikart na 1071 ƙasar ta koma hannun Turkawa Musulmi, amma rubutun da ke bangon wannan coci, na tsakanin 1283 da 1295, ya ambaci Sultan Mas'ud na Biyu da Sarkin Rum Andronikos na Biyu tare. Waɗanda suka biya kuɗin aikin suna jikin bangon: wata uwargida Tamar, da wani Basil mai muƙamin amir, sanye da rawani da riga irin ta fadar sultan.

Kiristoci sun ci gaba da zama a garuruwan nan ƙarni bayan ƙarni, wasunsu ma Turkanci suke yi, suna rubuta shi da haruffan Girkanci. Yarjejeniyar musayar jama'a tsakanin Turkiyya da Girka ta 1923 ce ta kawo ƙarshen zaman, aka bi addini ba harshe ba, zuwa 1924 sun tashi, Musulmin da aka kwaso daga Girka suka shiga gidajensu. Mustafapasha, tsohon Sinasos, cike yake da gidajen dutse masu ƙofofin ado da suka bari. A Guzelyurt, kusa da mahaifar Girigori na Naziyanzus, cocin da ke ɗauke da sunansa masallaci ne yanzu, an shafe zanen da farar ƙasa. Mutanen garin sun tafi da abin da suke girmamawa a matsayin ƙasusuwansa zuwa sabon garinsu, Neya Karbali, a arewacin Girka. Kilomita kaɗan daga Guzelyurt, bayan ƙauyen Sivrihisar, Jan Coci na tsaye shi kaɗai a fili, ginin tubalin dutse na ƙarni na 6, da ƙubbarsa. Yana cikin gine-ginen da suka fi kusa da zamanin su Basil da za ka gani a tsaye a wannan yanki. Motocin rukuni ba su cika biyawa ta nan ba, sai ka ɗauki shatar tasi daga Guzelyurt, ka kuma yi ciniki da direban ya jira ka, domin babu motar dawowa a hanyar.